'Yan Taru: Ƙungiyar Matan Da Ta Tashi Daga Sakkwato Har Ta Ƙetare Teku

A birnin Pittsburgh na ƙasar Amurka, cikin shekarun 1990, wasu mata Musulmi, akasarinsu baƙar fata jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, suka haɗu suka kafa ƙungiya ta karatu da taimakon jama'a. Ba su raɗa mata sunan Ingilishi ba, ba su kuma ɗauko na Larabci ba. Sai suka kira ta 'Yan Taru, shugabarsu kuwa suka kira ta jaji. Duk Bahaushen da ya ji waɗannan kalmomi biyu ya san daga gidansu aka ɗauko su. To amma idan yau aka tsaya a ƙofar babban masallacin Zango bayan sallar Juma'a aka tambayi matasanmu ko su wane ne 'Yan Taru, ina shakkar a sami mutum biyar da za su ba da amsa. Wannan shi ya sa na ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihin wannan ƙungiya, da yadda aka yi ta je Amurka, da kuma abin da ya shafe mu a ciki mu mazauna Kwatano.

Wadda ta kafa 'Yan Taru ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙan su. An haife ta a Degel a shekarar 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka yaƙi da yunwa da ƙaura daga wannan zango zuwa wancan duk a idonta aka yi su. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yayanta ne. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu cikin Larabci da Fillanci da Hausa. Ta rasu a 1864, kabarinta yana Hubbare a Sakkwato kusa da na mahaifinta.

Wannan gajeren tarihi kowane malamin zaure zai iya ba ka shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne irin matsalar da ta tarar bayan ƙura ta lafa. Yaƙi ya bar zawarawa da marayu ba iyaka. An kawo mata da yawa daga ƙasashen da aka ci, an zuba su cikin gidaje da ƙauyuka, ba su san alwala ba balle farillan salla. Idan ciwo ya kama yaro, ko haihuwa ta zo da gardama, wurin 'yan bori suke nufa, domin nan ne kaɗai suka san ana kula da mace. Shehu tun da farko ya yi kakkausan suka, a cikin littafinsa Nurul Albabi, ga malaman da suke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. To amma faɗa daban, aikatawa daban. Malami namiji ba shi da hanyar shiga cikin gidan wani ya zauna da matarsa, matar aure mai goyo kuwa ba ta da halin barin gida ta yi tafiyar kwana biyu neman karatu.

Malfa da jan rawani

Dabarar da Nana Asma'u ta yi, wajejen shekarun 1830, ita ce ta nemi matan da al'ada ta yarda su yi tafiya, watau dattijai waɗanda suka gama haihuwa, da kuma 'yan mata ƙanana da ba a kai ga yi musu aure ba. A kowane ƙauye sai ta zaɓi mace guda mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta jaji. Ita jaji ce za ta tattaro matan ƙauyensu, ta shige gaba, su tako a ƙasa har Sakkwato, su sauka gidan Nana su ɗauki karatu. In sun koma gida sai su bi ɗaki ɗaki suna koya wa matan auren da ba su sami zuwa ba. Ta haka karatun da aka yi a ɗaki guda a birni ya riƙa isa tsakar gidajen da ko sunansu ba a sani ba a fada.

Mu mutanen Zango ya kamata kalmar jaji ta yi mana daɗin ji, domin kalmar fatake ce, kamar yadda zango ma kalmar fatake ce. Jaji shi ne mai shigewa gaban ayari. A daidai zamanin da waɗannan mata suke takawa zuwa Sakkwato, ayarin kakanninmu yana ratsa Nikki da Paraku da Jugu zuwa Gwanja sayen goro. Nana Asma'u ta ɗauki sunan muƙamin maza matafiya ta ɗora wa tsohuwar ƙauye.

Ba suna kaɗai ta ba ta ba. Ranar naɗi ana ɗora wa jaji malfa, a naɗe ta da jan rawani. Wannan kuwa ba ƙaramar hikima ba ce, domin a ƙasar Gobir irin wannan shiga an san ta da Inna, 'yar gidan sarauta wadda take shugabantar bori, mata suna jin tsoronta suna kuma kai mata kukansu. Nana ba ta tsaya zagin Inna ba. Sai ta ɗauki alamar da mata suka riga suka saba girmamawa ta sa a kan mai koyar da salla. Duk matar da ta hango malfa tafe ta san shugaba ce ta zo, sai dai abin da ke bakinta ya canja. Mu da muke riƙe da alli an koya mana a makarantar horon malamai cewa daga abin da yaro ya sani ake ja shi zuwa abin da bai sani ba, muna ɗauka Turawa ne suka ƙago wannan. Ashe an yi shi a Sakkwato da malfa tun ba a haifi kakannin malamanmu ba.

Littattafan karatun kuwa waƙoƙi ne. Yawancin ɗalibanta ba su iya karanta ko da ajami ba, amma mace tana iya riƙe waƙa a ka tana daka, tana kaɗi, tana tafiya rafi. Saboda haka sai Nana ta zuba darussa cikin baitoci. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani domin a haddace su bi da bi. Akwai Godaben Gaskiya, akwai Tabbat Haƙiƙa wadda asalinta ta mahaifinta ce da Fillanci aka mayar da ita Hausa, akwai Tawassuli Ga Mata Masu Albarka inda ta kawo sunayen mata salihai tun daga iyalan Manzon Allah (SAW) har zuwa matan zamaninta, don ɗaliba ta san cewa ba ita ce mace ta farko da ta nemi ilmi ba. A lura da wannan: ita Bafillata ce, Larabci kuma yana bakinta, amma da ta ga Hausa talakawa suke ji sai ta bi su da Hausa.

Karatu rabin aikin ne. 'Yan Taru ba sa zuwa hannu sake, suna tafe da sadaka gwargwadon ƙarfinsu, hatsi ko zuma ko man shanu ko zare da ƙyalle, a tara a gidan Nana a raba wa makafi da guragu da zawarawa da marayu. A ƙauyukansu kuma su ne masu wankan gawar mace, su ne masu zama da mara lafiya, masu sharar masallaci, masu shiga tsakani in kishiyoyi ko maƙwabta sun saɓa. Ba wanda yake biyan su. Da wata jaji mai suna Hawwa'u ta rasu, Nana Asma'u da kanta ta yi mata waƙar makoki, ita 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri. Ko wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin da ta ɗauki waɗannan mata.

Sau da yawa ƙungiya takan mutu ranar da aka binne mai ita. 'Yan Taru ba ta mutu ba. Bayan rasuwar Nana ƙanwarta Maryamu ta ɗauki ragamar, bayan Maryamu kuma Tamodi ta karɓa. Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sarauta ta shiga wani hali, amma da yake aikin matan nan ba a fada yake ba, a tsakar gida yake, sai ya ci gaba ba tare da Nasara ya ma san da shi sosai ba. Wata malamar makaranta Baturiyar Ingila, Jean Boyd, wadda ta yi shekaru masu yawa tana koyarwa a Arewacin Nijeriya, ta tarar da jajoji suna nan da malfarsu a ƙauyukan Sakkwato. Waziri Junaidu, wanda shi ma daga zuriyar Nana yake, ya buɗe mata taskar takardun gidansu. Ta fitar da tarihin Nana a 1989, sa'an nan a 1997 ita da wata malamar jami'a Ba'amurkiya, Beverly Mack, suka buga tarin rubuce-rubucenta da fassararsu cikin Ingilishi.

Ta Sudan aka bi

Hanyar da 'Yan Taru ta bi zuwa Amurka ba miƙaƙƙiya ba ce. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, suka zauna a bakin kogin Nilu a Sudan, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Sun tafi da littattafan Shehu da na iyalansa. Shekaru da yawa bayan haka wani Ba'amurke baƙar fata da ya musulunta, Shehu Muhammad Shareef, ya je can ya yi karatu a hannun malaman garin, ya tattara takardu, ya kafa cibiya da ya sa wa sunan masallacin Sankore na Tumbutu, ya shiga fassara littattafan zuwa Ingilishi. Jama'ar da ta taru a kansa a Pittsburgh ta ɗauki kanta a matsayin mabiya tafarkin Shehu. Matan cikinsu da suka karanta labarin Nana Asma'u sai suka ce su ma ga abin da za su yi. Suka naɗa jajoji, suka shirya darussa, suka haɗa da taimakon mabukata, aka kuma sami rassa a wasu biranen. Inda matan Sakkwato suka taka a ƙasa, su sai suka yi amfani da tarho da intanet.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa abin ya zauna musu da sauƙi haka? Amsar ita ce matan baƙar fatar Amurka sun daɗe da sanin irin wannan haɗuwa. Suna da ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na mata waɗanda ake shiga tun ana jami'a, a kuma zauna a ciki har mutuwa. Sunan da suke kiran irin wannan ƙungiya daga kalmar Latin mai nufin 'yar'uwa ya fito, tushe ɗaya da kalmar Faransanci da yaranmu suka sani a lakwal. Ta farko ita ce Alpha Kappa Alpha, wadda wata ɗaliba Ethel Hedgeman ta jagoranci kafawa a Jami'ar Howard da ke birnin Washington ranar 15 ga Janairu 1908, shekara 43 kacal bayan an haramta bauta a ƙasar. Delta Sigma Theta ta biyo baya a 1913, Zeta Phi Beta a 1920, sai Sigma Gamma Rho a 1922, wadda malaman makaranta mata su bakwai suka kafa a Indianapolis. Kowace tana da launinta, in sun fito taro sai ka rantse anko ne na bikin Zango. Kamala Harris, wadda ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban Amurka daga 2021 zuwa 2025, 'yar ta farkon ce.

Ba launin tufafi ya raya su fiye da shekara ɗari ba. Ƙarfinsu yana ga rassan da ke cikin garuruwa, inda malamai da ma'aikatan jinya da lauyoyi suke haɗuwa wata wata, su biya kuɗin ƙungiya, a rubuta abin da aka tattauna, ma'aji ta karanta abin da ya shiga da abin da ya fita. Daga nan ake biya wa 'yan mata marasa ƙarfi kuɗin karatu, a yi wa yara darasin yamma, a bi mutane gida gida su yi rajistar zaɓe. Misalin da ya fi burge ni shi ne na jihar Mississippi. Daga 1935, shekara bayan shekara har zuwa farkon shekarun 1940, 'yan Alpha Kappa Alpha sukan ba da hutunsu na bazara su tafi can ƙarƙashin wata likita, Dorothy Ferebee, domin yi wa 'ya'yan manoman auduga baƙar fata allurar rigakafin agana da maƙarau. Da suka isa sai masu gonaki farar fata suka hana ma'aikatansu zuwa inda aka buɗe asibitin. Matan nan ba su tattara kayansu sun koma ba. Suka loda magani cikin motocinsu suka bi mutane har gona, suna yin allura a gindin itace da harabar coci. Dubban yara suka samu. Ka ga dabarar jaji ke nan: in wadda ake nema ba ta iya fitowa, sai a je inda take.

Ba cewa nake yi ba su da aibu. Su kansu Amurkawa suna sukar su da cewa ƙungiyoyin masu digiri ne, kuɗin shiga yana da tsada, talaka ba ta da wuri sai dai a taimake ta. A nan 'Yan Taru ta fi su, domin Nana ba ta tambayi kowa takardar shaida ba, tsohuwa mai tallar daddawa tana iya zama jaji. Kuma su ma sun sha rikicin cikin gida. Ita Delta ɗin daga saɓani ta fito, lokacin da wasu 'yan Alpha Kappa Alpha 22 suka so a canja suna da manufa, ba a yarda ba, suka fice. Abin da waɗanda suka rage suka yi shi ne suka garzaya suka yi wa ƙungiyar rajista a wurin hukuma a Janairun 1913, don kada gobe wani ya tashe ta da baki. Kowane ɓangare ya kama aikinsa, duka biyun suna nan har yau. Tun 1948 kuma Zeta Phi Beta ta buɗe reshe a Monrobiya ta Laberiya, saboda haka sun daɗe da waiwayo Afirka. Mu nan Benin ma tun da aka yi dokar 2024 mai ba jikokin bayi damar neman zama 'yan ƙasa, baƙin da ke zuwa Wida ganin Ƙofar Tafiya Ba Dawowa ba baƙin kallo kaɗai ba ne.

To mu fa?

Kada wani ya ce matan Zango ba su da ƙungiya. Suna da ita, har ta fi ta maza ƙarfi. Adashin da iyayenmu mata suka yi a Dantokpa da Ganhi shi ya gina gidaje, shi ya kai wasu Makka, shi ya aurar da mu. Uwar adashi takan riƙe kuɗin mutum 30 a ka, ba littafi ba biro, dala ɗaya ba ta ɓata. In aka yi haihuwa ko rasuwa, kafin maza su gama shimfiɗa tabarmi mata sun ɗora tukunya. Akwai kuma malamai mata da ke karantar da matan aure da dare ko ranar Asabar da Lahadi, Allah Ya saka musu. A Nijeriya an ɗauki irin wannan ƙarfi an yi masa tsari: Jam'iyyar Matan Arewa tun 1963, sa'an nan FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985 ƙarƙashin Hajiya A'isha Lemu, mai makarantu da asibitoci.

Abin da nake gani ya rage mana shi ne, ƙarfin namu kusan duka a biki yake ƙarewa. Ƙungiyar da za ta iya fitar da anko kala uku a wata guda ba za a ce ba ta da kuɗin kakin makaranta na yara goma ba. Gwamnati ta ɗauke kuɗin makarantar firamare tun 2006, amma duk malamin da ke koyarwa a unguwanninmu ya san yadda abin yake: 'yan mata sukan cika benci a ajin farko, kafin a kai aji shida sai ka ga sun ragu, wannan tana talla, waccan tana riƙon ƙanne, wata an kai ta aikatau. Wata kuma tana nan, tana da ƙoƙari, amma ranar da aka ce a kawo takardun jarrabawar CEP sai a tarar ba ta da takardar haihuwa, uban yana tafiya fatauci, uwar ba ta jin Faransanci balle ta shiga ofis. Yarinya ta yi shekara shida tana zuwa lakwal, takarda guda ta tsayar da ita.

Malami namiji ba ya iya shiga gidan nan, kamar yadda bai iya ba a zamanin Nana. Na sha aika wasiƙa gida ba amsa, domin ba mai karanta ta. Amma Hajiya dattijuwa wadda ta yi wa uwar yarinyar wankan jego, in ta yi sallama ba mai hana ta shiga, in ta yi magana kuma maigida ma sai ya saurara. Ga mu kuma da 'yan mata da suka yi BEPC da BAK, har da masu digiri, suna zaune suna jiran aiki. Tsohuwa mai faɗa a ji da yarinya mai biro, su biyun nan Nana Asma'u ta haɗa. Zango kuma ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Dendawa da Zabarmawa da Yarabawa da Fulani, sai a bi kowace da harshen da take ji.

Ba sai an jira wata ƙungiyar Turai ta kawo mota mai tambari ba. Kowace ƙungiyar adashi tana iya ware kwasa guda a zagaye ta ce wannan na yara ne, ta zaɓi mace ɗaya a kowane layi, a ba ta littafi a rubuta sunan duk yarinyar da ta isa shiga lakwal da wadda ba ta da takardar haihuwa. Limamai da sarkin Zango su sa albarka a bainar jama'a, don mazaje su san ba yawon banza ake yi ba. A rubuta wadda za ta gaji shugaba tun shugaba tana da rai. Ana komawa makaranta ne a watan Satumba, jarrabawar CEP kuwa a watan Yuni ake yin ta, amma tun watanni kafin nan daraktoci suke karɓar takardun yara. Ƙungiyar da ta fara zagayen gidaje a lokacin babban hutu za ta sami isasshen lokacin bin layi a ofis kafin a rufe karɓa.